Yadda za ka yi aiki da kalmar den da 'yar'uwarta lair ba tare da ka yi kwaɓa ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wata 'yar kalma ta Turanci mai harafi uku, den, wadda kusan duk wanda ya zauna ajin firamare a nan Katsina ya haddace ta kamar waƙa, malam ya tambaya ina zaki yake kwana yara su amsa da ƙarfi, daga nan shikenan an rufe littafi, mutum ya girma har ya gama sakandare yana ganin ma'anarta ɗaya ce tak, gidan zaki. To sai ga shi yau ka buɗe jaridar Turanci a waya ka ga an rubuta kidnappers' den, gobe ka ji wani Ba'amurke yana cewa yana zaune a den ɗinsa yana kallon ƙwallo, jibi kuma a takardar JAMB a jera maka den da lair da burrow a ce zaɓi ɗaya. A nan ne ake rikicewa. Ɗalibai masu shirin WAEC da NECO, da masu fassara labarai a gidajen rediyo, da masu rubutu a Facebook da Turanci, duk wanga bayani naku ne, kuma zan bi shi a hankali yadda nake yi wa yarana a lesin.

Fara da bakinka kafin alƙalaminka. Den ana faɗinta ne gajeruwa, kamar yadda kake cewa pen ko ten, kar ka ja ta. In ka ja ta sai ta koma dean, wato shugaban tsangaya a jami'a, kaga kuwa ba ƙaramin abu ba ne ka kira shugaban tsangaya da sunan ramin kura. Sannan wani abu da ya zama ruwan dare a hirar waya, mutane na rubuta den alhali then suke nufi, wato sannan. A hira da aboki ba wanda zai kama ka, amma hannu yana sabawa, ranar jarrabawa sai ya zame maka ba ka sani ba, mai makin kuma ba ruwanshi da abin da kake nufi, abin da ka rubuta shi zai ja wa jan biro. Ita kuwa lair ta fi wahala a bakinmu. Ana faɗinta ne da amo ɗaya da hair da chair da air, gaɓa ɗaya ce. Kusa da ita akwai liar, maƙaryaci, akwai kuma layer, wadda masu kiwon kaji suka sani sarai tunda leyas suke kira kajin ƙwai. Harafin a da i ne kawai suka yi musanyar wuri tsakanin lair da liar, don haka duk sadda ka rubuta ɗaya ka tsaya ka sake kallonta.

Daga nan sai tambayar farko da za ka riƙa yi wa kanka: wace dabba ce a ciki?

Mu a Hausa kalmar rami ta ɗauke mana nauyi mai yawa. Ramin kura, ramin gafiya, ramin kurege, ramin maciji, ramin damo, duk rami ne, sai dai in abin a dutse yake mu ce kogo, in kuma wurin da ta kwanta ne kawai mu ce makwanci. Bature ya rarraba nashi ne, kusan kowace dabba da sunan gidanta. Den ta manyan namun daji ce masu cin nama, ko kuma masu matsakaicin jiki irin na dangin kare: zaki, damisa, kura, dila, yanyawa, kyarkeci, da beyar ta ƙasashen sanyi. Kuma in ka lura da kyau, kalmar tana ɗauke da ƙamshin gida, wurin haihuwa da rainon ɗiya. Hausawa sun ce ramin kura sai 'ya'yanta, to wannan ramin shi ne den daidai wa daida. Masu nazarin namun daji sun tabbatar da abin da karin maganar ke faɗi, domin kura mai dabbare-dabbare takan tara ɗiyanta a rami ɗaya da na sauran kurayen dangi, sau da yawa ma ba ita ta haƙa shi ba, ramin dabgi ne ko na gadu ta samu ta gyara, kuma can ciki hanyoyin sukan ƙuntace yadda babbar dabba ba ta iya kutsawa, sai ƙananan kaɗai. Uwar ma a bakin rami take kwanciya ta ba su nono.

Shi kanshi zakin da aka haddace mana, gaskiyar magana ba mazaunin rami ba ne. Zaki a fili yake kwana, ƙarƙashin itace ko kan dutse, tare da iyalinshi. Zakanya ce in haihuwa ta zo take ware kanta ta nemi sarƙaƙiya ko tsaguwar dutse ta ɓoye ɗiyan na wajen sati shida zuwa takwas kafin ta fito da su cikin garke, wannan maɓoyar ita ce den ɗinta. Amma a jarrabawa in aka tambaye ka gidan zaki, den za ka rubuta, kar ka tsaya gardama da takarda.

In dabbar ƙarama ce kuma ita da kanta ta tona ƙasa ta yi rami mai hanya, to burrow ake cewa. Gafiya, ɓera na daji, damo, beguwa, duk nan suka faɗa. Yaran da suka taɓa bin gafiya da hayaƙi a bayan gari lokacin kaka sun san yadda abin yake, ka toshe baki ɗaya da ƙasa, ka hura wutar kara a ɗayan, ka ga hayaƙi ya ɓullo ta wani baki na uku can gindin geza inda ba ka zata ba, to wannan rami mai ƙofofi shi ne burrow. In ramukan sun yi yawa sun haɗe da juna, zomaye da yawa na zaune ciki, sai a ce warren.

Maganar zomo sai an ɗan tsaya. Mu zomo ɗaya muke da shi a baki, Bature biyu gare shi. Wanda ake kiwo a gida shi ne rabbit, asalinshi na Turai ne, shi ke haƙa rami, in kuma a akwati ake kiwonshi sunan akwatin hutch. Na dajinmu mai dogayen kunnuwa da ƙafafu wanda 'yan farauta ke bi da karnuka shi ne hare, kuma ba ya haƙa rami ko kaɗan, ɗan lotsawa yake yi a ƙasa ƙarƙashin sabara ko cikin ciyawa ya lafe, mafarauta na kiran wurin makwancin zomo, Bature na kiranshi form. Haka ma kurege. Littattafan da aka rubuto daga Ingila za su ce maka gidan squirrel sunanshi drey, gaskiya ne amma nasu kuregen a bisa itace yake yin sheƙa da ganye da tsinke, namu na ƙasa ne mai satar gyaɗa a gona, don haka in kana ba da labarin kuregen Batagarawa ko na Mani burrow za ka rubuta. Na fi son yaro ya san dabbar da idonshi sannan ya nemo mata kalma, a kan ya haddace jerin sunaye na dabbobin da bai taɓa gani ba.

Sauran ba su da wuya, a gurguje: tsuntsu nest wato sheƙa, zuma hive wato amya, doki stable wato barga, kaji coop wato akurki, kare na gida kennel, awaki da tumaki pen, gara kuma mound wato suri. Dabbar gida ba a ce mata den, wannan ka riƙe shi da kyau. Akwai kuma waɗanda JAMB ke son ɗaukowa don ta gwada wanda ya yi karatu, sett na badger wata dabba mai haƙa rami, holt na otter wato karen ruwa, lodge na beaver wata dabbar ruwa ta ƙasashen sanyi, da earth wanda Turawan Ingila ke kiran ramin fox, ɗan'uwan yanyawa, da shi duk da cewa den ma daidai ne.

To yanzu ga inda maganar ta fi daɗi, bambancin den da lair. In ka duba kamus za ka ga kusan fassara ɗaya aka yi musu, wurin kwanan naman daji, shi ya sa ɗalibai ke ɗauka duk wadda ta zo hannu a jefa. Ba haka ba ne a kunnen mai harshen. Dukansu tsofaffin kalmomi ne tun Turancin da, sama da shekara dubu, amma lair ta fito ne daga leger, wurin kwanciya, dangi ɗaya da lie ta kwanciya, har yau ma a Sikotilan ana kiran filin kabarin da iyali suka saya a maƙabarta lair. Da tafiya ta yi tafiya sai kalmar ta ɗauki duhu da tsoro. In marubuci ya ce lair, yana so gabanka ya faɗi ne, yana gaya maka akwai wani abu kwance a ciki yana jiranka, kuma galibi shi kaɗai ne, ba maganar ɗiya ko raino. Shi ya sa dodanni na tatsuniya da macizai masu cin mutane da mugun sarkin 'yan ta'adda a labari duk lair ake ba su.

Misali mafi kusa da mu yana Daura. Kowa ya san labarin rijiyar Kusugu, macijin nan da ake kira Sarki wanda ya hana mutanen gari ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya iso da dare ya nemi ruwa a gidan tsohuwa Ayana, ya je ya zura guga, macijin ya fito ya sare mishi kai. In kana rubuta wannan labarin da Turanci, ko kana yi wa baƙon da ya zo kallon Sallar Gani bayani a bakin rijiyar, cewa za ka yi the well was the serpent's lair, ma'ana rijiyar ta zama makwancin macijin. In ka sa den ba a ce ka yi kuskuren nahawu ba amma ka rage wa labarin kwarjini, in kuwa ka sa burrow ka kashe shi gaba ɗaya, ka mai da Sarki tamkar gafiya. A wani gefen kuma, in kana rubuta insha'i kan yadda yanyawa ke rainon ɗiyanta, den ce ta dace, lair za ta sa mai karatu ya zaci mugun abu kake shirin faɗi.

A tarihi ma an yi amfani da wannan kwarjini. Hedikwatar da Hitler ya zauna a cikin daji lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kusa da garin Rastenburg wanda yanzu yake cikin ƙasar Folan, da Turanci Wolf's Lair ake kiranta, makwancin kyarkeci. A can ne wani hafsan sojan Jamus, Kanar Stauffenberg, ya ajiye bam a jaka ranar 20 ga Yuli 1944 don ya kashe shi, bam ya tashi amma Hitler ya tsira. Masu karatun tarihi za ku gamu da sunan.

Tambaya ta biyu, kuma ita ce ta fi muhimmanci a wurina: dabba ce a ciki ko mutum?

Da zaran an ɗauke den daga kan dabba an aza ta kan taron mutane, to ta zama zargi. Wurin da ake taruwa a ɓoye ana aikata abin da doka ko tarbiyya ta hana, shi ake nufi. Gambling den gidan caca ne, drug den matattarar 'yan shaye-shaye, den of thieves matattarar ɓarayi, ita wannan ta ƙarshen ma daga Baibul ta shigo Turanci, a Linjilar Matiyu sura ta 21 inda aka ba da labarin korar 'yan kasuwa da masu canjin kuɗi daga haikali. Mu kuwa a jihar nan, Allah ya kawo mana ƙarshen abin, mun fi ganinta a kanun labaran garkuwa da mutane. Tun daga abin da ya faru a Ƙanƙara cikin Disamba 2020, sadda aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya aka shiga da su daji har aka sako 344 bayan kwana shida, zuwa labaran da ke fitowa daga yankin dajin Rugu, Safana, Batsari, Ɗanmusa, jaridun Turanci na ƙasar nan ba su rabuwa da kidnappers' den da bandits' den. Wanda ɗan'uwanshi ya taɓa kwana a irin wannan wuri ba ya karanta kalmar kamar sauran kalmomi.

Ga mai fassara, don Allah kar ka ce ramin masu garkuwa da mutane, na sha jin haka kuma yana sa mai sauraro ya zaci a rami aka jefa su. Muna da kalmarmu wadda mutanen ƙauyukan da abin ya shafa ke faɗi da bakinsu, daba. An kai su daba, sojoji sun tarwatsa dabar 'yan bindiga. Ko ka ce maɓoya, ko sansani in wurin babba ne, ko matattara in cikin gari ne. In kuma daga Hausa kake komawa Turanci, ka sani ba den kaɗai gare ka ba, hideout ta fi sauƙi kuma ba ta da zafi, camp tana nuna bukkoki da zama na kwanaki, lair kuwa sai in maganar ƙasurgumin shugabansu kake yi shi kaɗai.

Kuma a nan zan ja kunne, saboda abin yana damuna. Tunda kalmar zargi ce, kar ka aza ta kan unguwa ko gari ko kasuwa don kawai ka nuna ka iya Turanci. Wani zai zauna ya rubuta cewa ƙauye kaza ya zama den of criminals saboda an kama mutum biyu a can, alhali garin cike yake da manoma da malamai da mata masu daka waɗanda su ne ma suka fi kowa shan wahalar ɓarayin. Bature in ya karanta wannan zai fahimci duk mazauna wurin miyagu ne kuma sun taru ne don ɓarna. Wannan ƙazafi ne, kuma rubutun intanet ba ya gogewa. In wurin ɓarayi suka addabe shi, to ka rubuta hakan, ka ce ana yawan kai musu hari, kar ka mai da wanda aka zalunta azzalumi da harafi uku.

Haka kuma kogo. Ba kowane kogo ne den ba. Kogo a kan kanshi cave ne, sai in naman daji na zaune ciki yake zama den. Don haka in kana fassara wa'azi ko darasin Islamiyya, Kogon Hira da Kogon Saur da kogon Ashabul Kahfi duk cave za ka rubuta, Cave of Hira, ko da wasa kar hannunka ya kai kan den ko lair a nan. Yaro na iya buɗe kamus na waya ya ga an jera su wuri ɗaya a matsayin masu ma'ana kusa ya ɗauki wadda ta yi mishi kyau a ido, iyaye da malaman Islamiyya a lura da wannan.

Sai karin maganar da kowa ke so, the lion's den. Asalinta labarin Daniyel ne da ke cikin Baibul, sura ta 6 ta littafin da ke ɗauke da sunanshi, inda aka jefa shi ramin zakuna a zamanin Sarki Dariyus saboda ya ƙi daina addu'a ga Ubangijinshi, aka wayi gari ba abin da ya taɓa shi. Daga nan Turawa ke cewa mutum ya shiga lion's den in ya kai kanshi tsakiyar waɗanda ba su ƙaunarshi ko masu jiran su yi mishi tambayoyin ƙure. Ɗan siyasa ya je kamfe mazaɓar abokin hamayya, ɗalibi ya shiga gaban malamai zai kare furojet ɗinshi, ƙungiyar ƙwallo ta je wasa gidan abokan gaba, duk ana iya cewa he walked into the lion's den, wato ya kai kanshi bakin zaki. Masu kallon ƙwallon Ingila ma kun san Millwall ta kudu maso gabashin Landan, laƙabinsu zakuna, filin wasansu kuma The Den, tsohon sun zauna cikinshi daga 1910 zuwa 1993 sannan suka koma sabon wanda shi ma The Den ake kiranshi. Akwai kuma shirin talabijin na BBC mai suna Dragons' Den da aka fara a 2005, inda mai ƙaramar sana'a ke tsayawa gaban attajirai yana neman su zuba jari, sunan na wasa ne da wannan ma'anar ta shiga wurin da za a tatse ka da tambaya.

To amma kar ka tafi da tunanin kullum mugun abu ce, a nan mutane da yawa ke mamaki. In den ta mutum ɗaya ce a cikin gidanshi, ma'anarta mai daɗi ce. A Amurka da Kanada den ɗan ƙaramin ɗaki ne na hutawa, da kujera mai laushi da talabijin ko shelf na littattafai, inda maigida ke keɓewa ya yi karatu ko kallo, kusan kamar turakar maigida a gidajenmu sai dai ba lalle a kwana ciki ba. In ɗan'uwanka da ke karatu a can ya turo maka tallar gidan haya ka ga an rubuta two bedrooms plus den, ɗaki biyu ne da ɗan ƙarin ɗaki, ba wani abin tsoro. A Ingila kuma yara in suka haɗa kujeru suka lulluɓa zanen gado suka shige, ko suka yi 'yar bukka da rassa a lambu, sun gina den kenan. Hanyar ganewa mai sauƙi ce, dubi kalmar da ke maƙale da ita. My den ko his den a cikin gida, ɗakin hutu ne. Den of wani abu, ko den da aka jingina wa masu laifi, zargi ne. Ita lair in aka ba mutum a irin wannan yanayi, kamar a ce yaro ya shige lair ɗinshi ya kulle ƙofa, raha ce ake yi, kai da kake koyo ka bari sai kunnenka ya nuna.

Saura nahawu, wanda a nan ne maki ke zubewa a banza. Den suna ce da ake ƙirgawa, don haka ba ta tsayawa tsirara, sai da a ko the ko mallaki a gabanta, jam'inta dens. Ba a cewa the hyena is in den, sai in its den. In dabbar na ciki in ne, in shiga take into, in fitowa take out of ko from. Wanda aka kuɓutar an ce rescued from the den. Ka lura da its ɗin nan ma, ba ta da waƙafin sama, mai waƙafi it is take nufi.

Waƙafin saman nan shi ne babban tarko. Zaki ɗaya, lion's den, waƙafi kafin s. Zakuna da yawa, lions' den, waƙafi bayan s. A labarin Daniyel zakuna ne da yawa don haka na biyun ya fi dacewa da shi, amma a karin magana za ka ga duka biyun a rubuce kuma ba a ɗauke su kuskure. Inda ba sassauci shi ne kidnappers' den, tunda da wuya mutum ɗaya ya yi wannan aika-aika shi kaɗai, waƙafin bayan s yake zuwa, kuma ko a jaridu za ka ga an kuskure shi, kar ka kwaikwaya don ka gani a buge. Sannan den na zama aikatau jefi-jefi, musamman a rubutun masana dabbobi, a ce beyar ta yi den lokacin hunturu wato ta shige rami ta kwanta, a nan ana ninka n ɗin, denned da denning. Ba za ka buƙace ta sosai ba amma in ta fito a fasej na karatu kar ta firgita ka.

Wani ɗan abu da ke ruɗa masu bin labaran duniya, Den Haag. Wannan ba Turanci ba ne, sunan birnin Heg ne na ƙasar Holan da harshensu, inda kotun duniya take, kuma den ɗin da ke cikin sunayen wasu 'yan ƙwallonsu kamar van den kaza ita ma tasu ce, ba ruwanta da ramin kura.

Yadda za ka zaunar da duk wannan a kai kuwa, ba haddar jeri ba ce. Samu ɗan littafi na aljihu, duk sadda ka ci karo da den ko lair a jarida ko littafin labari ko fasej na tsofaffin tambayoyin WAEC, kwafe jimlar gaba ɗayanta, ba kalmar kaɗai ba, a ƙarƙashi ka rubuta wa ke ciki, dabba ko mutum, sannan ka fassara jimlar da Hausar da za ka iya faɗa wa kakarka ta gane ba tare da ta ce mi kake nufi ba. In ka ga ka rubuta rami a jimla uku a jere to ka koma ka duba, da wuya a ce duka ukun rami ne, wataƙila ɗaya daba ce ɗaya kuma makwanci. Bayan haka sai ka juya aikin, ɗauki jimlolin Hausa naka na kanka, damisa ta ɓoye ɗiyanta a kogo, 'yan sanda sun kai samame gidan caca, gafiya ta tsere ta ɗaya bakin ramin, baba yana ɗakin karatunshi, ka mai da su Turanci ka kai wa malaminku na Ingilishi ko wani yayanka da ya fi ka ya duba maka, ka roƙe shi ya fi sa ido kan waƙafin sama da kuma a da i ɗin lair.